Daga Akwatin Kati Zuwa Allon Waya: Tarihin Rumbunan Binciken Ilimin Laburare



Akwai wata jimla da yawancinmu da muka rubuta furojet a kwalejin kimiyya da fasaha muka taɓa sakawa a babi na biyu, ko muka gan ta a kundin abokin karatu: wai an bincika, ba a samu wani aiki da aka taɓa yi a kan wannan batu ba. Mu da muka yi difloma a fannin laburare da sarrafa bayanai mun fi kowa cancantar jin kunyar wannan jimla, domin nemo abin da aka rubuta ita ce sana'ar da aka koya mana. In za mu faɗa wa juna gaskiya, binciken da muke nufi bai wuce mu buga taken furojet ɗin gaba ɗayansa a Google ba, mu leƙa shafin farko, mu rufe. Daga nan sai mu yanke wa duniya hukuncin cewa ba ta ce komai ba.

Alhali fanninmu yana da rumbunan bincike nasa na kansa. Rumbun bayanai na bincike jeri ne na maƙalun da suka fito a mujallun ilimi, kowace maƙala an rubuta sunan marubucinta, takenta, mujallar da ta buga ta, shekara, shafi, tsakure, da kalmomin da ke nuna batunta. Manyan da aka fi sani a ilimin laburare su ne Library Literature, da LISA, da LISTA. Mun ji sunayensu a aji, mun haddace su don jarrabawa, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama suka yi aiki da su.

Abin da muka fahimta daga baya shi ne, kowane akwati da kowane maɓalli da ke shafin binciken nan yana da tarihi. Wani mutum ne ya gamu da wata matsala a wani zamani ya ƙirƙiro shi. Wanda ya san matsalar zai san amfanin maɓallin, kuma zai san inda rumbun ya gaza. Shi ya sa a wannan mako za mu yi waiwaye.

MAI SAYAR DA LITTATTAFAI A BAGADAZA

Kalmar fihirisa da muke amfani da ita a Hausa daga Larabci muka aro ta, kuma akwai littafin da ya shahara da wannan suna. A shekarar 987 Miladiyya wani mai sana'ar kwafe littattafai da sayar da su a Bagadaza, Ibn al-Nadim, ya kammala Kitab al-Fihrist. Ya yi ƙoƙarin jera duk littafin da ya sani da Larabci, ya kasa aikin gida goma bisa fannonin ilimi, tare da bayanin marubuta. Bayan ƙarnoni, a Santambul, Haji Khalifa wanda ya rasu a 1657 ya haɗa Kashf al-Zunun, inda ya jera sunayen littattafai fiye da 14,000 bisa tsarin haruffa.

Da yawan littattafan da Ibn al-Nadim ya ambata sun ɓace. Ba mu da su, sunansu kawai ya rage, shi ma saboda ya rubuta shi. Nan ne darasi na farko yake. Fihirisa daban, littafi daban. Sau nawa muka buɗe rumbun bincike, muka ga take da tsakure ba cikakkiyar maƙala, muka yi tsaki muka fita? Aikin rumbun na asali shi ne ya sanar da kai cewa abu kaza yana nan, wane ne ya rubuta, a wuri kaza. Samo maƙalar mataki ne na biyu, kuma yana da hanyoyinsa: ka nemi taken a wani rumbun, ka tambayi ma'aikacin laburare, ko ka rubuta wa marubucin da kansa. Wanda ya san abin da yake nema ya riga ya ci rabin tafiya.

KATI MILIYAN 12 A BELJIYAM

A 1895 wasu lauyoyi biyu 'yan Beljiyam, Paul Otlet da Henri La Fontaine, suka kafa wata cibiya a birnin Brussels da burin da ya fi na Ibn al-Nadim girma. Suna so su rubuta bayanin duk abin da ɗan Adam ya taɓa bugawa, a kowane harshe. Kayan aikinsu ɗan ƙaramin kati ne, irin wanda wasunmu suka tarar a akwatunan katako na tsofaffin laburare. Kowane aiki katinsa guda, kuma a kan katin kowane bayani da gurbinsa: marubuci a nan, take a can, lambar fanni a sama. Kafin shekarun 1930 su ƙare katunan sun haura miliyan 12.

Abin ban sha'awa shi ne sun buɗe hanyar yin tambaya daga nesa. Mutum zai aiko da wasiƙa ya faɗi batun da yake nema, ya biya kuɗi, ma'aikata su shiga akwatuna su kwafo katunan da suka dace su aika masa ta gidan waya. Zuwa 1912 suna amsa tambayoyi fiye da 1,500 a shekara. Idan kuma tambayar ta yi faɗi har za ta jawo katuna masu yawa, sai a gargaɗi mai ita tun kafin a fara.

La Fontaine ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1913. Shi kuwa aikin, wanda aka sani da Mundaneum, ƙarshensa bai yi daɗi ba. Gwamnatin Beljiyam ta rufe musu ginin a 1934, sojojin Jamus suka lalata wani ɓangare na kayan bayan sun mamaye ƙasar a 1940, Otlet ya rasu a 1944. Abin da ya tsira yana wani gidan tarihi a garin Mons yanzu.

Sai dai katin bai mutu ba. Duk lokacin da ka buɗe shafin bincike mai zurfi ka ga an ba ka zaɓi ka nema a gurbin marubuci, ko na take, ko na batu, katin nan ne ya koma allo. Mu kuma mun saba zuba komai a akwati ɗaya, sakamako dubu goma ya fito, mu rasa ta inda za mu fara. Gargaɗin da ake yi wa masu aiko da wasiƙa shekara ɗari da suka wuce har yau yana kanmu: ka taƙaita tambayarka.

LOKACIN DA MASU JERA NA WASU SUKA JERA NASU

Shekarar 1876 babba ce a tarihin fannin. A cikinta aka kafa ƙungiyar laburare ta Amurka, aka fara buga mujallar Library Journal, kuma Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa na rarraba littattafai da lambobi. Daga nan ma'aikatan laburare suka shiga rubutu a kan sana'arsu, har rubutun ya yi yawan da shi ma yake buƙatar fihirisa. Wani ma'aikacin laburare ɗan Ingila, H. G. T. Cannons, ya tattara abin da aka rubuta daga 1876 zuwa 1920, aka buga a 1927. Aka ɗora da Library Literature, wanda kundinsa na farko ya ɗauki 1921 zuwa 1932. Daga baya kamfanin H. W. Wilson, wanda ya yi suna wajen jera maƙalun mujallu, ya karɓi aikin ya ci gaba da shi shekaru da dama, har kamfanin ya haɗe da EBSCO a 2011.

A Birtaniya kuwa ƙungiyar laburare ta can ta fara fitar da Library Science Abstracts a 1950. A 1969 aka faɗaɗa shi aka sauya masa suna ya koma LISA, wanda yanzu yake hannun ProQuest. Abin da wannan ya fi ba wa muhimmanci shi ne tsakure, wato 'yan layukan da ke faɗa maka abin da maƙala ta bincika, yadda ta yi, da abin da ta gano. A zamanin da sai ka jira makonni kafin a aiko maka da kwafin maƙala daga wata ƙasa, tsakure ne ke hana ka asarar kuɗi da lokaci. Yau ma shi ne ke hana ka ƙona data a kan abin da ba zai amfane ka ba.

Akwai wani aikin da ba a gani, kuma a ganinmu ya fi kowane muhimmanci. Mutane ne ke zama su karanta maƙala, su liƙa mata kalmar batu daga wani jeri da aka amince da shi. Dalilin yana da sauƙin ganewa ko a Hausa. Wani zai rubuta laburare, wani ya rubuta ɗakin karatu, abu ɗaya suke nufi. In ka nema da kalma ɗaya, ka rasa rabin abin da aka rubuta. Sai masu fihirisa suka ce a zaɓi kalma guda a liƙa wa duka. Wannan jeri yana nan a LISA da LISTA, kowa na iya buɗe shi. Dabarar da muka koya a makare ita ce, da zarar ka samu maƙala ɗaya da ta dace da batunka, ka duba kalmomin batun da aka liƙa mata, ka sake bincike da su. Su ne harshen da rumbun yake ji.

ƊAN MAI ƊINKIN TAKALMI DA KAMFANIN JIRAGEN SAMA

Kalmomi uku da ke rikita ɗalibai a shafin bincike, AND da OR da NOT, sun samo asali daga wani mutum da bai taɓa ganin kwamfuta ba. George Boole ɗan mai ɗinkin takalmi ne daga garin Lincoln a Ingila, an haife shi a 1815. Bai yi digiri ba, shi ya koya wa kansa lissafi, har ya zama farfesa a Cork da ke Ailan a 1849. Mu masu difloma sai mu riƙe wannan. A 1854 ya fitar da littafin da ya nuna cewa ana iya haɗa rukunoni da raba su da ƙa'idojin lissafi.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1966, wani ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen sama na Lockheed a Kalifoniya, Roger Summit, ya jagoranci haɗa wata manhaja mai suna Dialog. Da ita mutum zai zauna gaban na'ura ya yi wa kwamfutar da ke nesa tambaya, ta ba shi amsa nan take, ya gyara tambayar ya sake turawa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na cikin waɗanda suka fara amfana da ita. Ɗaya daga cikin rumbunan farko da aka ɗora mata shi ne ERIC, na fannin ilimi, wanda har yau yana nan kyauta kuma yana ɗauke da ayyuka masu yawa kan laburare. A 1972 aka buɗe Dialog ga masu biya, daga baya LISA ma ta shiga.

Kuɗin kuwa da lokaci ake lissafa shi. Duk mintin da ka yi a haɗe da na'urar, kuɗi na tafiya. Saboda haka ba mai buƙatar ne ke zama da kansa ba, ma'aikacin laburare da aka horar ne ke yi masa. Kafin ya kunna na'ura sai ya zauna da mai tambaya su tattauna, ya ɗauki takarda da biro ya tsara komai. Wannan ɗabi'a ce muka yi asararta da bincike ya zama kamar kyauta.

Ga yadda suke yi, kuma haka ya kamata mu yi. A ce batunka shi ne yadda ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha a Najeriya ke amfani da wayar hannu wajen samun kayan karatu daga laburare. Kada ka buga wannan doguwar jimla. Ka fasa ta zuwa ginshiƙanta: wayar hannu, laburare, ɗalibai, Najeriya. Ƙarƙashin kowane ginshiƙi ka jera duk sunayen da ake kiransa da su a Turanci, tun da da Turanci aka jera rumbun, ka haɗa su da OR, wanda ke nufin ko wannan ko wancan, yana faɗaɗa sakamako. Sannan ka ɗaure ginshiƙan da juna da AND, wanda ke nufin dole duka su kasance, yana rage sakamako. NOT yana cire abu, amma a yi hattara da shi, domin yakan tafi da maƙala mai kyau don kawai ta ambaci kalmar da ka kora.

Akwai kuma alamar tauraro. Da ana jera rumbun da Hausa, in ka buga rubut* zai kawo maka rubutu da rubuta da rubutacce. Haka librar* ke kawo library da libraries da librarian a lokaci guda. Wannan yana aiki a LISA da LISTA, amma ba ya aiki a Google Scholar, wanda ya fito a 2004 kuma ba shi da jerin kalmomin batu da mutane suka tsara.

BIN SAWU GABA DA BAYA

A 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a riƙa jera maƙalu bisa waɗanda suka ambace su. Ya samo dabarar daga lauyoyin Amurka, waɗanda tun 1873 suke da wani kundi da ke nuna musu shari'o'in da suka kafa hujja da wani hukunci na baya. A 1964 ya fitar da Science Citation Index. Manazartar da ke ƙarshen maƙala tana kai ka baya, ga waɗanda marubucin ya karanta. Fihirisar Garfield tana kai ka gaba, ga waɗanda suka karanta shi bayan ya rubuta. Wannan ɗan rubutun da ke ƙarƙashin kowane sakamako a Google Scholar, mai nuna mutum nawa suka ambaci maƙalar, jikan wannan tunani ne. Maƙala ɗaya mai kyau, in ka bi sawunta gaba da baya, tana iya cika maka babi na biyu da ayyukan da ka karanta da idonka.

INA NAMU YAKE?

Duk wannan tarihi a Turai da Amurka ya gudana, kuma hakan ya bar tabo a kan abin da rumbunan suka ƙunsa. Koyar da ilimin laburare a Najeriya ya fara ne a Ibadan, inda aka kafa cibiyar horarwa a 1959 da tallafin gidauniyar Carnegie. Ƙungiyar laburare ta Najeriya ta kafu a 1962, ɗakin karatu na ƙasa a 1964, sannan Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ta buɗe nata sashen a 1968. Tun daga lokacin malamanmu ke bincike suna rubutu. Amma rumbu ba ya ɗaukar kowace mujalla. Akwai masu zaɓe, kuma suna duba ko mujalla na fitowa a kan lokaci, ko ana samunta, ko tana da lambar rajista. Mujallar da sashe ke bugawa kwafi kaɗan, ta fito bana ta tsallake baɗi, da wuya ta shiga.

Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, laburaren jami'o'i da dama suka kasa ci gaba da biyan kuɗin mujallun waje. Sai aka rasa ta ko'ina: ba ma ganin nasu, ba sa ganin namu. Faifan sidi ya ɗan kawo sauƙi a shekarun 1990, domin rumbu guda na iya zuwa a faifai a yi bincike ba tare da layin waya zuwa ƙasar waje ba. A 1991 aka fara buga African Journal of Library, Archives and Information Science a Ibadan, wadda ta samu shiga manyan fihirisoshin duniya. A 1998 wata ƙungiya a Birtaniya mai suna INASP ta fara AJOL don tattara mujallun Afirka wuri guda, a 2005 aka mayar da shi Afirka ta Kudu. Yau yana ɗauke da ɗaruruwan mujallu, Najeriya ce ke da kaso mafi yawa, kuma a ciki akwai Samaru Journal of Information Studies ta Zariya.

Ma'anar wannan ga mai bincike a fili take. In batunka ya shafi laburare a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, rumbu ɗaya ba zai ishe ka ba. Ka fara da LISTA, wanda EBSCO ta daɗe tana barin wata sigarsa kyauta. Ka tambayi ma'aikatan laburaren makarantarku ko suna da rajistar wasu rumbunan, domin sau da yawa akwai kalmar sirri a ajiye ba mai tambaya. Ka duba ERIC, ka duba AJOL, ka duba DOAJ da E-LIS, waɗanda duka biyun suka fara a 2003 kuma kyauta ne. Bayan haka ka taka da ƙafarka zuwa kantar da ake ajiye tsofaffin kundayen ɗalibai, domin yawancinsu ba su cikin kowane rumbu a duniya.

Mu marubuta ma wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Littattafan Hausa da suka cika kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, da yawansu ba a san inda kwafinsu yake ba yanzu. Abin da ya ceci sunayen ɗaruruwansu shi ne jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka haɗa na ƙagaggun labaran 1987 zuwa 2002, wanda aka buga a Jamus a 2004. Aikin Ibn al-Nadim suka maimaita mana. To waɗanda muke sakewa yau a WhatsApp da Wattpad da Facebook fa, wa ke jera su? Dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, kuma a can ake karɓar lambar ISBN ta littafi da ISSN ta mujalla. Mu nawa ne muka taɓa yi? Ko reshen ƙungiya guda zai iya buɗe rajista mai sauƙi: sunan marubuci, take, shekara, inda aka buga, da layi uku na tsakure. Katin Otlet bai wuce haka ba.

Ita kuwa jimlar nan ta babi na biyu, muna roƙon ƙannenmu da ke rubuta furojet bana su sauya ta. Su rubuta sunayen rumbunan da suka duba, kalmomin da suka yi amfani da su, shekarun da suka iyakance, da ranar da suka yi binciken, sannan su faɗi abin da suka samu da abin da ba su samu ba. Wannan magana ce da malami zai iya gwadawa, wanda zai zo bayansu kuma ya san daga inda zai ɗora.